Ina son in tayar da kamfanin DaVE a TEW 2020: da tsofaffin 'yan wasansa zan fara ko da sababbi?

Baban Sadiƙ

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ina neman shawararku a kan sabon gem da nake shirin buɗewa a TEW 2020 (Total Extreme Wrestling, gem ɗin kwamfuta da mutum ke tafiyar da kamfanin reslin a cikinsa), a cikin CornellVerse, wato duniyar ƙirƙira da Adam Ryland ya gina wa wannan wasan, mai nata kamfanonin reslin da 'yan wasa da tarihi. Burina shi ne in tayar da kamfanin DaVE, wanda a labarin ya durƙushe a 2007. Duk wanda ya buga TEW 2005 ko TEW 2007 ya san shi: kamfanin Phil Vibert ne da ke yankin Tri State, salonsa na kare jini biri jini ne, da kujerun ƙarfe da tebura da waya mai ƙaya, kuma shi ya yi galaba a yaƙin kamfanonin gabar gabashin Amurka, inda PPPW da RPW da XFW suka rufe. Daga TEW 2008 zuwa yau ba a iya ɗaukarsa, sai dai mutum ya riƙa cin karo da sunansa a tarihin 'yan wasa.

Shirina shi ne in shiga edita in buɗe kamfanin da tsohon sunansa, in maido masa da babban kambunsa na Unified, in ba shi matsakaicin farin jini a Tri State da kuɗin da zai riƙe shi na ɗan lokaci, sannan in tattaro duk wanda ya taɓa yi masa wasa matuƙar zai yarda ya dawo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kamfanin PSW na Mitch Naess, domin shi ya gaji DaVE, kuma yankinsu ɗaya. Shin in share shi tun daga edita ne, ko in bar shi mu yi ta gogayya? Kuma da wane girma ya dace in fara?

Injiniya

Wa alaikumus salam Baban Sadiƙ. Kafin a zo maganar girma ko ta PSW, ina ganin ya kamata ka fara tambayar kanka abin da ya kashe kamfanin tun farko, domin duk abin da ya kashe shi a labari yana nan daram a cikin lissafin gem ɗin. Salon jini yana korar masu ɗaukar nauyi, saboda haka kuɗin talla da kamfani mai tsabtataccen salo ke samu kai ba za ka ga irinsa ba. Tashoshin talabijin ma suna da iyakar abin da za su yarda a nuna, musamman a lokacin da iyali ke zaune gaban akwati. Ga kuma raunuka: gem ɗin yana lissafa lafiyar kai da gangar jiki da hannuwa da ƙafafu na kowane ɗan wasa daban-daban, kuma duk karawar da aka fasa tebur a cikinta tana rage wani abu da ba lallai ya dawo ba.

Babbar matsalar dai ita ce ƙaramin kamfani ba ya iya ɗaure tauraro. Za ka sha wahala ka gina yaro har jama'a su fara biyan kuɗin tikiti dominsa, sai manyan kamfanoni irin su USPW ko SWF ko TCW su miƙa masa rubutaccen kwantiragi na shekaru, kai kuma ba ka da abin da za ka ajiye a gabansa. Idan ka buɗe DaVE da irin tsarin da ya mutu da shi, ba ka yi komai ba illa ka sake shirya masa jana'iza.

Ɗan Funtuwa

Injiniya, da girmamawa, ni ban yarda a fara da lissafin kuɗi ba. Wanda yake son kamfani mai riba ai ga USPW nan, mai Allen Packer da tashar Reverie a bayansa, sai ya ɗauka ya huta. Wanda ya ce DaVE yake so, ba riba yake nema ba, wani yanayi yake nema da ya ɓace daga duniyar gem ɗin. Ku tuna yadda kamfanin ya yi suna: Nemesis da Tommy Cornell suka yi karawar da jini ya kwarara a SWF a 1997, Richard Eisen, mai SWF, ya sallami Nemesis, shi kuma ya tattara ya koma DaVE. Kamfani ne na waɗanda manya suka kora ko suka raina. Idan aka rage masa zafi don a faranta wa masu talla, to suna kawai aka ɗauko.

Shawarata ga Baban Sadiƙ ita ce ya tara tsofaffin nan gaba ɗaya a taron farko, ya bar jama'a su gan su a dandamali ɗaya. Wannan daren shi ne dalilin buɗe gem ɗin baki ɗaya.

Maman Hanif

Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗan Funtuwa, na fahimci abin da kake ji, amma ina roƙonka ka buɗe jerin 'yan wasan ka duba shekarunsu kafin ka ba da wannan shawarar. Gem ɗin yana farawa ne a watan Janairun 2020, shekara 13 ke nan da rufe kamfanin. Wanda yake ganiyarsa a 2007 yanzu ya haura arba'in, wasu sun doshi sittin. Nemesis ya daɗe da ajiye wasa, haka ma Eric Tyler. Waɗanda suke da sauran ƙarfi lokacin da aka rufe kuwa manya ne suka kwashe su tun a wancan lokaci: Eddie Peak da Sammy Bach da Guide da Scout suka tafi TCW, Big Cat Brandon ya koma SWF ya zama Brandon James, Jack Giedroyc da Emma Chase ma can suka nufa, Chris Caulfield kuma ya tafi USPW. Waɗanda suka rage, irin su Johnny Martin da JD Morgan da Alex Braun da Tank Bradley da Teddy Powell, su ne Mitch Naess ya fara PSW da su.

To su wa za a tara? Ko dai mutanen da ke hannun manyan kamfanoni, ko kuma waɗanda jikinsu ya riga ya ba da baya. Na taɓa sa tsoho irin wannan a babbar karawa mai tsawo, sai rahoton bayan fage ya nuna numfashinsa ya ƙare tun ana tsakiya, makin karawar ya faɗi, ya ja makin taron gaba ɗaya ƙasa. Kuma kun san ƙa'idar: idan makin taro bai kai farin jinin kamfani a yankin ba, farin jinin raguwa yake yi. Wannan shi ne haɗarin ba wa kamfanin matsakaicin farin jini tun daga edita, domin ka ɗora wa kanka ma'aunin da 'yan wasanka ba za su iya cikawa ba.

Wannan ba yana nufin a watsar da su ba ne. Tsoho a wannan gem ɗin yana da amfani sosai idan ba a sa shi gudu ba. Ana auna fitowar magana da iya baki da kwarjini da shahara, ba da numfashi ba. Wanda ya san sirrin tsara karawa sai a mai da shi mai kula da wasa a bayan fage, makin yaran ya tashi. Wani kuma da kansa zai ɗauki yaro ya zama ubangidansa yana koya masa. Nemesis riƙe da makirfo a tsakiyar dandamali na minti biyar ya fi mini tsofaffi shida suna jan ƙafa na rabin awa.

Ɗan Funtuwa

Hajiya, maganar shekaru gaskiya ce, ban musa ba. Amma ai edita na nan. Tun da an riga an shiga an ta da mataccen kamfani, me zai hana a kwance kwantiragin Eddie Peak a maido shi gida, a kuma ɗan ƙara wa sauran lafiya?

Injiniya

Abin da zai hana shi ne daga nan gem ɗin ya tashi daga gem. Ni ina bambanta gyara iri biyu. Akwai gyaran da ke kafa labari, kamar a ce wani attajiri ya sayi sunan DaVE da kambunsa daga hannun masu bin bashi, wannan ba laifi, domin duniyar ba ta canja ba, ƙofa kawai aka buɗe. Akwai kuma gyaran da ke cire wahala, kamar kwance kwantiragin tauraron TCW ko mai da ɗan shekara hamsin ya koma kamar ɗan talatin. Idan ka yi na biyun, duk nasarar da ta biyo baya kai ka rubuta ta da hannunka kafin a fara, kuma bayan 'yan watanni a cikin gem ɗin za ka ji ya fita daga ranka.

Wanda yake son DaVE da mutanensa suna ganiyarsu yana da hanya mai tsabta. Ya koma TEW 2007 inda kamfanin ke raye amma yana tangal-tangal, ya gwada ceto shi, ko ya nemi bayanan CornellVerse na 1997 da masu sha'awar gem ɗin suka haɗa, ya buga yaƙin gabar gabas tun daga tushe. Amma Baban Sadiƙ tayarwa ya ce zai yi, kuma daɗin tayarwa yana cikin cewa lokaci ya wuce, mutanen sun watse, dole ka yi aiki da abin da ya rage.

Bamaraɗe

Gaisuwa ga kowa daga Maraɗi. Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina ganin akwai darasi a abin da ya faru a zahiri, tun da kowa ya san DaVE hoton ECW ne, kamfanin reslin na gaske a Amurka na Paul Heyman. Abin da Injiniya ya faɗa shi ya sami ECW: Eddie Guerrero da Dean Malenko sun tafi babban kamfanin WCW a 1995, Taz da 'yan Dudley sun tafi WWF a 1999, Mike Awesome ya koma WCW a 2000 alhali kambun kamfanin na hannunsa, yarjejeniyarsu da tashar TNN ta ƙare a wannan shekarar, kamfanin ya karye a 2001.

Sai aka tayar da shi sau biyu ta hanya biyu, kuma a nan nake son Ɗan Funtuwa da Maman Hanif su duba, domin kowannensu yana da rabin gaskiya. A watan Yunin 2005 WWE (wato tsohuwar WWF) ta shirya taron One Night Stand a Hammerstein Ballroom da ke New York, dare ɗaya tak, tsofaffin suka hallara, jama'a suka yi ta kiran sunan kamfanin, kuma har yau ana yabon wannan taron. Ganin haka sai aka mai da shi shirin mako-mako a tashar Sci Fi daga Yunin 2006. Nan abin ya lalace. Taron December to Dismember na ƙarshen 2006 ya zama abin kunya, Heyman ya bar wurin, a 2007 har Vince McMahon, shugaban WWE a lokacin, da kansa ya riƙe kambun ECW, a watan Fabrairun 2010 aka rufe shirin aka kawo NXT a madadinsa. Kewar da ta cika zaure a dare ɗaya ba ta iya ɗaukar shiri hamsin a shekara ba.

Amma ku lura da wani abu. Abin da ya yi saura daga wannan shirin da ake zagi ba tsofaffin ba ne, yaran da suka fara fitowa a cikinsa ne: CM Punk a 2006, Kofi Kingston haifaffen Ghana a 2008, Sheamus a 2009. Haka kuma kamfanin MLW, da ya rufe a 2004, Court Bauer ya dawo da shi a 2017 da sababbin fuskoki irin su MJF da Tom Lawlor, bai tsaya neman waɗanda suka yi masa wasa a da ba, kuma ya ɗore.

Game da kambun Unified kuwa, ina roƙon Baban Sadiƙ kada ya ɗora wa kowa shi a ranar farko. Mu a nan, tun da aka fara gasar takobi ta kokowar gargajiya a 1975, darajar takobin ba a ƙarfensa take ba, tana ga sanin irin ƙartin da mutum ya kayar kafin ya ɗaga shi. A gem ɗin ma kambu yana da makin daraja da ke hawa da sauka gwargwadon wanda ya riƙe shi da irin karawar da ake yi a kansa. Ka bar shi a ajiye, ka sa a yi watanni ana fafatawa kafin a san mai shi.

Baban Sadiƙ

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malam Bamaraɗe, wannan bambanci tsakanin dare ɗaya da shirin kowane mako ya warware mini abin da na kasa faɗa. Amma har yanzu ba a taɓa mini maganar PSW ba, kuma ita ta fi damuna. Idan tsofaffin da suka rage suna can, kuma salonmu ɗaya, yankinmu ɗaya, me zai sa ɗan kallo a Tri State ya zo wurina?

Maman Hanif

Kada ka share PSW, Baban Sadiƙ, domin shi ne labarinka. Ka duba abin da ke hannunka. Mitch Naess mai sharhi ne a DaVE, da kamfanin ya mutu bai tafi neman albashin manya ba, ya koma Pittsburgh ya buɗe ƙaramin wuri, ya riƙe salon nan shekara 13 a ƙananan zaure da ɗan abin da ke shigowa. Yanzu kwatsam sai ga wani ya sayi tsohon sunan ya dawo yana cewa shi ne magaji. Wa ya fi cancanta da gadon, wanda ya riƙe suna ko wanda ya riƙe aikin? Ba ka buƙatar ƙirƙiro bos da jarumi a nan, domin kowane ɓangare yana da hujja, kuma 'yan kallo za su rabu da kansu.

Ga kuma Ash Campbell, ɗan Nemesis na cikinsa, wanda a PSW ya yi suna. Idan uban ya tsaya a ɓangaren DaVE, ɗan kuma ya ce shi PSW ce ta rene shi lokacin da babu kowa, ka samu rigimar da za ta ɗauke ka shekara guda ba tare da ka fasa tebur ko ɗaya ba. Ni da a ce ni ke tsarawa, ba zan bar su su haɗu ido da ido a dandamali ba sai bayan an daɗe ana aika saƙo ta bakin wasu, yadda ranar da za su tsaya gaba da gaba zauren zai cika.

Ta fuskar aiki kuma, 'yan wasan ƙananan kamfanoni yawanci ba a ɗaure suke ba, ana biyansu ne duk fitowa, saboda haka za ka iya amfani da wasu daga cikinsu ba tare da ka raba su da PSW ba, muddin ba ka shelanta yaƙi da kamfanin ba kuma ranakun taronku ba su haɗu ba. Ka nemi yarjejeniyar aiki tare, rigimar ta tsaya a labari kawai.

Injiniya

Na goyi bayan Hajiya a kan wannan ɗari bisa ɗari, kuma zan ƙara da abin da ya shafi salo, don kada Ɗan Funtuwa ya ɗauka ina son a mai da DaVE wasan yara. Ban ce a cire jini ba, cewa na yi a san inda za a zuba shi. Idan kowace karawa daga ta buɗe taro har ta rufewa da waya mai ƙaya ake yin ta, 'yan kallo gajiya suke yi kafin a zo babbar, kuma gem ɗin yana hukunta mai maimaita abu ɗaya. DaVE na asali ma ba jini zalla ba ne. Eric Tyler ya yi suna ne da tsayawa a kan kokawar gargajiya yana la'antar masu kujera, Acid kuma da tsalle da sauri ya burge mutane. Wannan cakuɗar ita ta sa jinin yake da ma'ana idan ya zo. Karawa ɗaya mai tsanani a kowane taro, a kan rigimar da aka daɗe ana ginawa, ta fi biyar da ba su da dalili, kuma 'yan wasanka za su kai ƙarshen shekara da ƙafafunsu.

Maganar sacewar taurari kuma, ka karɓe ta tun yanzu a matsayin abin da zai faru. Kada ka jingina kamfanin a kan mutum ɗaya. Duk lokacin da kake ɗaga wani, ka tabbata akwai biyu a bayansa da ke tashe, kuma da zarar ka ga saƙon cewa babban kamfani ya yi masa tayi, ka yi amfani da kwanakin da suka rage ya sha kaye a hannun wanda zai gaje shi, farin jininsa ya zauna a gidanka.

Ɗan Funtuwa

To, na ji bayanin kowa, kuma maganar uba da ɗa ta Hajiya ta fi abin da na zo da shi. Abu ɗaya ne ba zan janye ba: daren farko na tsofaffi ne. Ko da ba za su yi doguwar karawa ba, a bar Johnny Martin ya fito, a bar Alex Braun da Tank Bradley su tsaya tare kamar da, a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Idan aka buɗe DaVE da yara zalla waɗanda ba su taɓa taka dandamalinsa ba, babu abin da ya haɗa su da sunan. Sai an ga hannun tsoho a kafaɗar yaro kafin jama'a su yarda cewa gidan ɗaya ne.

Bamaraɗe

A kan wannan ina tare da kai, Malam. Sharaɗin kawai shi ne daren ya ƙare da yaro a tsaye, ba tsoho ba. A ba tsofaffin gajeriyar karawa ta mutum uku-uku a tsakiyar taro, inda kowa zai shiga ya yi abin da aka san shi da shi ya fita kafin numfashi ya ƙare, babbar karawar kuma a bar wa waɗanda za su ɗauki kamfanin gobe.

Baban Sadiƙ

Madalla, ga abin da na tsayar. Zan buɗe kamfanin ƙarami, da farin jini kaɗan a Tri State kawai, ba matsakaici ba kamar yadda na yi niyya, kuma ba zan taɓa kwantiragin kowa ko lafiyar kowa a edita ba. PSW zai zauna yadda yake, zan nemi yarjejeniyar aiki tare da shi tun makon farko. Taro ɗaya zan riƙa yi a wata, ba zan nemi talabijin ba sai asusun ya daina raguwa. Daren farko zai zama na tsofaffi kamar yadda Ɗan Funtuwa ya nema, da karawar uku-uku a tsakiya, sannan a fito da kambun Unified a nuna shi a mayar cikin akwati, a sanar da gasar mutum takwas da za ta ɗauki watanni. Idan Nemesis ya amsa tayina, shi zai buɗe taron da magana, Ash kuma ba zai bayyana ba sai an yi nisa.

Injiniya, saura abu ɗaya: kuɗin farawa nawa kake ganin ya dace in sa, yadda ba zai zama na cire wa kaina wahala ba?

Injiniya

Kada ka ɗauko adadi daga kanka. Ka buɗe bayanan PSW da na NYCW a edita, tun da su ne maƙwabtanka a yankin, ka ga abin da kowannensu ke da shi a asusu, ka sa naka daidai da na wanda ya fi ƙaranci a cikinsu. Sannan kafin ka ɗauki kowa, ka lissafa kuɗin fitowar mutanen da kake so a daren farko tare da kuɗin zaure, domin tsofaffin nan sunansu ya fi jikinsu tsada, kuma idan lissafin ya haura abin da tikiti zai kawo, ka rage daga cikinsu, kada ka rage daga yaran gasar.